Marafan Talata

A Garwa, can bayan tasha,
akwai wani ɗaki a asibitin unguwa:
benci ɗaya, fanka mai tari,
da Hamajoda, gilashinsa na zamewa kan hanci.
Na zaci wa'azi zai yi mini,
na zo da kunne a toshe, na saba.
Sai ya miƙo gwangwanin tumatir, wankakke,
ya ce, "Tasi'u, ban ce ka daina ba tukuna.
Duk kwalbar da ka buɗe, jefa marfinta nan.
Ran Talata mu ƙirga."

Talatar farko gwangwani ya yi tozo,
sauran suna aljihun wandon aiki,
kacau-kacau, kamar mai tafe da kuɗi.
Arba'in da ɗaya.
Ya ce, "Bilbil fa? Ƙwarya ba ta da marfi."
Na ce uku.
Ya goge gilashinsa, bai dube ni ba.
Na ce bakwai.
Ya tsinto tsakuwa bakwai a bakin ƙofa, ya zuba.

Ya tambaye ni ƙarfe nawa ƙishin ke zuwa.
Ban san ƙishi na da agogo ba.
Ashe yana da shi: biyar da rabi,
in na kashe injin faci, hannu na warin roba,
rana ta jingina da gadar Binuwai,
ƙafa ta kama hanya ba ta yi shawara da ni ba.
"A ba ƙafar wata hanya," in ji shi.
Na koma bi ta teburin Saleti mai shayi,
kofi biyu, zafi ƙwal, in zauna har a kira magariba.
Wata rana ƙishin ya gaji ya tafi.
Wata rana yakan jira ni a bakin kwana.

Talatin da biyar. Ashirin da takwas.
Hannuna ya rage rawa da safe,
na daina sa faci a inda babu huji.
Abokan rumfa suka ce, "Ga liman ya iso,"
suka matsa mini wuri, suna dariya.
Na yi dariyar tare da su, ta yi mini ɗaci.

Sai makon motocin auduga,
taya goma sha huɗu a yini guda,
sefa ta cika aljihu, aljihu ya yi ƙaiƙayi.
Ban tuna yadda na isa gida ba.
Talata ta zo, na kwanta na juya wa bango fuska.
Da la'asar waya ta yi ƙara:
"Gwangwanin nan nawa ne, Tasi'u,
aro na ba ka. Kawo mini abina."
Na kai. Muka ƙirga, talatin da tara.
Na jira faɗa, har na sunkuyar da kai.
Ya ce, "Har yanzu bai kai na farko ba.
Me ya faru ran Alhamis? Fara daga safe."

In mun gama ƙirga, marafan na Habsatu ne.
Ta haƙa gurabun dara a gindin dalbejiya,
tana cinye 'ya'yan maƙwabta da abin da ya cinye ubanta.
Dara na son sha biyu.
Jiya ta zazzage gwangwani, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta ɗago ido da fushi:
"Baba, tara ne. Ba su isa ba."
Uwarta na tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu,
ba ta ce komai ba, ta ci gaba.

Na fita na sayo dabino na dala biyar,
muka ci, na cike mata da ƙwallo uku.
Tara ba sifiri ba ce, na sani.
Biyar da rabi na nan tafe gobe,
kuma Saleti ya ce madara ta yi tsada.