Littafin Bashi

Ina da shago a Mabera, bakin kwalta,
inda 'yan kabu-kabu ke fakewa in rana ta take.
Ƙarƙashin tebur, bayan kwalin magi,
akwai wani littafi mai baƙin bango.
Ba kowa nake buɗe wa ba.

Shafi na tara na Malam Jelani ne.
Shi ya kama hannuna a aji ɗaya,
ya ce, "Hali, ja ƙasa, ka lanƙwasa,
ka ga J ta fito."
Yau da wannan J ɗin nake rubuta shi:
shinkafa tiya biyu,
man gyaɗa rabin kwalba,
sabulu, gishiri,
da batirin tocila, don duba jarrabawa da dare.

Ba ya zuwa da rana.
Sai bayan isha'i, in layin ya yi sarari,
ya jingine kekensa nesa da fitila,
ya gaishe ni kamar ni ne babba.
"Albashin bai shigo ba tukuna,
amma an ce wanga sati."
Wannan satin ya girmi ɗana na fari.

Na zauna na yi lissafi,
tunda shi ya koya min lissafi.
Muntari mai cirar kuɗi, ƙofa biyu daga nan,
wanda Malam ya sha tsayarwa saboda makara,
abin da ke shiga jakarsa a kwana goma
ya haura abin da Malam ke jira wata guda.
Dillalin albasa a Kara,
in mota uku ta sauka daga Gada,
la'adar yini ta ishe shi ragon suna.
Ban ce a rage musu ba. Guminsu ne.
Ko mai ɗinkin takalmi a Tsohuwar Kasuwa
ana biyansa kafin ya yanke zare.
Malam kaɗai ake ce wa, "Ladanka na sama,"
alhali mai gidan hayarsa na nan ƙasa,
tsaye a ƙofa.

Yara saba'in da huɗu a aji guda,
rufin kwano, tsakiyar bazara,
alli daga aljihunsa,
ruwan randa daga aljihunsa.
Shekara talatin da ɗaya yana tsaye
har muryarsa ta yi kaushi kamar bayan kuka.
Likitan da ya auna hawan jininsa
shi ma ya zauna gabansa a ƙasa, da majina.
Ya rubuta masa magani cikin ladabi.
Takardar na nan ninke a aljihu,
ta yi laushi, ba ta ga kantin magani ba.

Wani dare na ɗauki biro zan soke shafin.
Ya riƙe min hannu, riƙon nan na aji ɗaya.
"Kul. Mi na koya maka?
In ka ara ɗaya daga gidan goma,
sai ka tuna ka ara."

Ya jawo littafin kusa da fitila,
ya bi shi da yatsa, layi-layi,
leɓensa na motsi.
Can ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.
Da gangan na tsallake man gyaɗa.
Ya san da gangan ne.

Ya ciro jan bironsa,
ya ƙara wa kansa bashi
naira dubu ɗaya da ɗari biyu,
ya ja layi biyu ƙarƙashi,
ya rubuta a gefe: "A sake dubawa."

Ya tura kekensa ya shiga duhu.
Sarƙar na ƙara har kwanar masallaci.

Na daɗe ina kallon jan rubutun.
Ni na sake dubawa, Malam.
Saura masu riƙe da babban littafin,
wanda a cikinsa kai ke binmu,
su da ni da duk garin nan,
ba mu ko buɗe shafin ba.