Shafi Na Ɗari Uku Da Sha Ɗaya

Ƙarfe ukun dare a Brașov.
Kantin magani ba kowa,
daga ni sai firjin allurai yana gurnani.
Smaranda ce ta ara mini littafin,
ta ce, "Gwaggo, ba za ki runtsa ba."
Yo dama runtsawa aka ɗauke ni aiki in yi?

Jarumin fasfo bakwai gare shi.
Ya kwance sirrin kwamfuta kafin shayi ya huce,
ya diro daga jirgin ƙasa yana gudu,
kwat ɗinsa ko yamutsewa bai yi ba.
Na yi dariya ni kaɗai.
Ya burge ni, ba zan ɓoye ba,
har na manta dusar ƙanƙara na cinye titi.

Sai shafi na ɗari uku da sha ɗaya,
inda asirin maci amana ya tonu.
Marubucin ya ba shi tabo a kumatu
da ido irin na mataccen kifi.
Nan na kifa littafin.

Namu ba shi da tabo.
Vasilache, hawa na uku,
mai kawo mana tuffa a aljihun riga,
shi ya gyara mana rediyo sau biyu
bai karɓi ko sisi ba.
Da ɗan gari akan ci gari.

Bayan shekaru aka miƙo mini fayil
a wani ɗaki mai warin tsohuwar takarda.
Rubutunsa ne, mai kyau, ba gyara:
ranar kaza Octavian ya yi dariya lokacin labarai.
Ranar kaza matarsa ta samo lemo, daga ina?
Yarinyar ta fara sa tabarau.
Dariyar nan ita ta raba babana da allo da alli,
ya ƙare yana dakon bulo.
Ba bindiga, ba guba a kofi.
Biro kawai.

Yana nan da rai.
Duk farkon wata yakan tsaya a tagar nan,
hannu na rawa, da takardar likita.
Nakan ƙirga masa ƙwayoyin zuciya talatin,
in sake ƙirgawa,
kada a ce na rage ɗaya.

Ƙarfe huɗu saura.
Na buɗe littafin inda na tsaya.
Ina son ganin ko jarumin zai kai iyaka.
A can, aƙalla, akan harbi mutum
magana ta ƙare.