Sawun Gada

Na sauka daga a-kori-kura a bayan Daura,
inda kwalta ta gaji ta bar wa laka hanya.
Jaka a gadon bayana kamar goyon ɗan wani:
gidan sauro, tocila, garin kwaki, ƙuli-ƙuli,
da wata takarda da na jera sunayen namun daji
waɗanda kakata Yalwa ta ce ta gani da idonta
a fadamar nan, tun ba ta iya ɗaura zane ba.

Mantau ne jagora.
Tsohon maharbi, kafaɗarsa ta karkace da ɗaukar bindiga,
yanzu gora kaɗai yake riƙewa.
Ya ɗaga jakata ya auna da hannu ɗaya,
ya ce, "Ƙaura za ka yi, ko kallo?"
Muka yi ciniki, yini da kwana,
dubu huɗu da goro biyu.

Ruwa ya fara daga idon sawu.
Kafin hantsi ya kai gwiwa,
takalmina na dama ya zauna a taɓo, ya ƙi biyo ni.
Bado ya buɗe fararen idanu,
kainuwa na yawo ba ta da inda za ta,
zalɓe a tsaye shiru kamar mai jiran a biya shi bashi.
Kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya da fito,
sai da na dafe ƙirji.

Na zaro takarda. Dorina fa?
Ya nuna da gora: "Can take kwana."
Na duba, albasa ce fage-fage,
injin ban-ruwa yana tari a gefe.
Mariya fa?
Ya yi shiru har muka wuce giginya uku.
"Ta ƙarshe ni na harbe ta,
shekarar da aka haifi Ƙosau.
Da ita aka yi wa baƙi miya ranar suna."
Gwanki, kada, mugun dawa,
ban sake tambaya ba.
Takardar ta jiƙe a aljihu, tawada ta haɗe sunayen.

Amma ya nuna mini guza a kan kututture
yana shan rana, ko kallonmu bai yi ba.
Ya buga gora a busasshiyar laka,
ya ce gaiwa na ƙasa tana barci,
sai damina ta zo ta tashe ta.
Na durƙusa na kasa kunne, ban ji komai ba.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Muka kwana a tudu, ƙarƙashin kanya.
Kwaɗi sun yi ta musu har tsakar dare,
sauro ya gano ƙofar da ban ɗinke ba.
Na jiƙa gari, muka ci a kwano ɗaya,
shi ya cinye ƙuli-ƙulin.

Da asuba, bayan mun sallame,
ya ja ni da hannun riga zuwa bakin ruwa.
Ga shi nan a danshin yashi,
tsagaggen kofato, bai kai babban yatsana ba,
huɗu, biyar, sannan ya shige cikin ciyawa.
"Gada," ya ce a hankali. "Da ɗanta. Dubi ƙaramin."
Muryarsa ta yi rawa, ya ce sanyi ne.

Can nesa muka ji haushin karnuka,
samari 'yan farauta sun yi sammako.
Mantau bai ce komai ba.
Ya ɗora tafin ƙafarsa a kan sawun,
ya murza, ya murza,
ya bi su ɗaya bayan ɗaya har bakin ciyawa,
sannan ya ce in taka wurin da takalmina ɗaya.

Samarin suka iso, suka gaishe shi.
"Baba, an ga wani abu?"
Ya nuna ni da haɓa.
"Baƙo ne daga Katsina. Duk ya tattake wurin."
Na saɓa jakata, na ba su haƙuri.