Tsarabar Bakin Teku

Shekara ashirin da bakwai ina gyaran injin saƙa a Kakuri,
har ranar da jiniya ta yi shiru, aka rataya wa ƙofa kwaɗo.
Iyakar ruwan da na sani shi ne wannan
da ke bi ta ƙarƙashin gada,
jawur da damina,
da rani kuwa duwatsunsa a waje kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya.

Sai Balaraba, 'yata ta uku, mai aikin jinya a Penang,
ta aiko da tikiti.
Ta ce, Baba, taho ka ga inda ƙasa ta ƙare.

Na je.
Na naɗe wando zuwa gwiwa, na tsaya ina neman ɗaya gaɓar.
Babu.
Na ɗebo ruwan da tafi, na kai baki, na tofar.
Wasu yara suka fashe da dariya.
Harshensu ban ji ba, amma dariyar irin ta unguwarmu ce.

A Surabaya na ga mata a zaune, kai a sunkuye,
suna zana fure kan yadi da narkakken kaki.
Bayan wata katanga inji na kuka,
kunnena ya gaya mini bel ɗinsa ya saki.
Hannuna har ƙaiƙayi yake.
Na nufi ƙofar, Balaraba ta riƙo hannun rigata:
Baba, mota za ta tashi.

Busan ta tarbe ni da sanyi mai shiga ƙashi.
An kawo mini abu a faranti yana motsi,
na ce a ƙoshe nake, na ci shinkafa gaya.
Daga kan tudu na hango tashar jiragen ruwa,
kwantena kan kwantena, kamar akwatunan ashana.
Na daɗe a wurin.
Ban yi fushi ba, na dai so in ga fuskar hanyar
da aikinmu ya bi ya tafi.

A Cebu ruwan sama ya tare mu a rumfar mai gasa masara.
Ƙararrawar coci ta kaɗa,
na tuna Istifanus, abokin aikina na dare,
wanda ke tsare mini inji in na tafi salla.

Can a Fiji alƙibla ta rikice mini, sai da waya ta nuna.
Ina sallar asuba,
Kaduna na alwalar magaribar jiya.
Da gari ya waye na taka yashi,
sai ga wuri.
Wuri, wallahi, zube, ba mai gadi!
Kakata Kande ta ce da shi aka biya sadakinta,
jaki biyu suka ɗauko, dattawa suka yini suna ƙirga.
Ga shi nan ruwa na wasa da shi,
ya kawo, ya kwashe, ya sake kawowa.
Na tsuguna ina dariya har Balaraba ta tsorata.

Tara na tsinto, na ƙulle a bakin hankici.

Yanzu ga ni a bencin mai shayi, kusa da layin dogo.
Istifanus ya juya nasa a tafin hannu,
ya ce, to, tekun, yaya girmansa?
Na buɗe hannuwa, na ga ba za su kai ba, na mayar.
Na ce, ka san kogi ran da ya cinye gonakin bakin gada?
Ya ce, na sani.
Na ce, to, ba haka ba ne.

Ɗanlami ya miƙo kofi biyu.
Na ajiye masa wuri ɗaya kan tebur.
Ya duba, ya dube ni,
ya ce, Baba, ba ni da canji.