Motata Tana Shan Man Awara

Ranar da kuɗin gas ya fi ƙarfin aljihuna
na tsaya a gidan mai, hanyar Haɗeja,
ina kallon lambobin famfo suna gudu
kamar an sako musu kare.
A-kori-kurata tana huci,
buhun albasa ashirin a gadon bayanta,
lissafi kuwa ya ƙi fita:
kafin in sauke kaya a Yankaba
riba ta maƙale a bakin tiyo.

Tanimu bakanike ne ya fara faɗa min
a Ƙofar Ruwa, yana kwance ƙarƙashin wata mota,
ƙafafunsa kaɗai nake gani:
"Injin gas ba ya tsirfar abinci, Sallau.
Ba shi man suya, in ka iya gyara shi."
Na ce a raina, rana ta taɓa bawan Allah.

Amma da magariba sai ga ni a Dakata
da jarka biyu, gaban Ladidi mai awara.
Man da ya yi baƙi, ya gaji da kasko,
wanda take juyewa a kwata,
shi na roƙa.
Ta dube ni sama da ƙasa:
"Malam, in asiri za ka haɗa
kar ka sa sunana a ciki."

Na tace shi da ɗankwalin Hansatu,
har yau ba ta yafe ba.
Na ɗora a wuta ruwan cikinsa ya tashi.
Na sayo soda irin ta masu sabulu
da wani farin ruwa daga Sabon Gari
mai warin da ke hawa kai,
wanda ba ya shiri da murhu.
Na kashe wuta, na kora yara soro,
na ɗaure hanci, na sa safar roba,
na yi ta juyi a tsakar gida
kamar mai talgen biki.

Na farko ya daskare.
Rabin duro na kunu mai kauri,
ko akuya ta ƙi sunsunawa.

Na biyu ya kai ni gadar Ƙofar Nasarawa.
Can a ƙoli motar ta yi tari uku, ta yi shiru,
'yan adaidaita suna raba min zagi a layi.
Tanimu ya zo a babur, ya zare filta,
ya zazzage min dauɗar shekara goma a tafi:
"Ba laifin mai ba ne.
Wankin ciki yake mata."

Na uku na bar shi ya kwana.
Da asuba na haska tocila:
sama garau, zuma farar saƙa,
ƙasa baƙar laka ta kwanta abinta.
Na saman na wanke shi da ruwa, a hankali,
yadda ungozoma ke riƙe jariri.
Na ƙasan Hansatu ta kwashe ba ta ce uffan ba.
Bayan sati biyu sai ga sabulun wanki
jere a kan katanga,
maƙwabta suna aiko yara da canji.
Ban ga ko sisi ba. Wai kuɗin ɗankwali.

Yanzu in na taka totur a danjar Fagge
hayaƙina ƙamshin suya yake.
Jiya wani tsoho ya ƙwanƙwasa gilashi:
"Yaro, ƙosan na sayarwa ne?"
Na ce, "Baba, ka makara, mota ta cinye."

In sanyi ya kama takan yi nawar tashi,
sai in surka mata da gas kaɗan,
in lallaɓa ta da maki biyu.

Ladidi dai ta gano.
Jarka ɗaya yanzu da farashinta,
wai har wani mai tifa yana zawarcin man.
Na yi ciniki, na sha kaye, na biya.
Har na juya ta kira ni,
ta ƙunsa awara uku a takarda, ta barbaɗa yaji:
"Ungo, ka ci.
Kullum ita kake ciyarwa,
ga shi har ta fi ka ƙiba."