Hoton Inna a Banex

Sabi'u ya jera mini wayoyi huɗu kan tebur.
"Zaɓi, Yallaɓai, duk 'yan Landan ne."
Ban tambayi batir ba.
Hoto ɗaya na tura musu duka:
Inna a bakin ƙofa, tana tsintar shinkafa.

Ta farko ta yi mata bilicin,
matar da ko basilin sai an roƙe ta.
Ta biyu, koren layi ya tsaga goshinta,
zaren da tela ya manta bai yanke ba.
Ta uku, agogon tsohon mai ita ya ƙone a gilashin,
ya zauna mata a kafaɗa.

Ta huɗu na fitar rana,
janaretocin Wuse suna tari.
Baƙin Inna ya fito baƙi,
zanenta shuɗi kamar ranar.
Sai ɗigo ɗaya, matacce,
ƙasan idon hagu.

"Lahani ne," in ji Sabi'u, "zan rage dubu biyar."
Ban gaya masa ba,
nan tawadar Allahnta take,
wadda kyamara ta goge.

Na biya kuɗin farko.