Ruwan Bagaruwa

Hannun Baba bai taɓa wankuwa ba.
Shekara arba'in da ɗoriya a majemar bakin Gulbi
yana tsoma fatar jar akuya cikin ruwan bagaruwa,
har tafinsa ya ɗauki launin kwatarniya.
Da kuɗin wannan warin aka sa ni lakol.

Yanzu sau bakwai yake tashi kafin asalatu.
Ina jin buta ta bugi ƙyauren langa-langa,
sannan shiru,
shirun dattijon da ke tsugune yana roƙon jikinsa ɗigo ɗaya.
Da safe ya ce sanyi ne.
Mazan gidanmu, kowane ciwo nasu sanyi ne.

Likita Ma'azu ya kifa takarda ya zana mana:
ga mafitsara, ga wata 'yar tsoka a gindinta,
ba ta wuce goro ba,
nan sankara ta yi sheƙa.
Baba ya dubi zanen, ya gyara zaman hula,
ya ce, ashe ma ƙaramin abu ne.

Ni kuwa shekara uku ke nan a jami'a, cikin farar riga,
ina dakan abin da ya tsufa yana daka.
Kwanson bagaruwa, jan zoɓo, ɓawon rumman,
muna tatso baurin nan mai ɗaure harshe,
wanda littafi ke kira folifenol,
garkuwar da itace ya ƙera wa kansa
don rana da ƙwari.
Mu ɗiga shi kan ƙwayoyin sankara
da muke kiwo a faranti kamar murfin gwangwani.
Wata Laraba, kafin a ɗauke wuta,
na leƙa madubi na ga sun takure,
sun bar hayayyafa.

Laifina ɗaya: na faɗa a gida.

Washegari na tarar da turmi a tsakar gida,
ƙoƙo cike da ruwa ja-ja-ja,
shi kuma zaune kan buzu, ya wanke baki.
Rahamu, ya ce, cokali nawa?

Baba, faranti ba shi da hanta.
Ba shi da ƙoda, ba ya amai, ba ya da jikoki.
Abin da ya kashe su a can
ban san me zai yi a jininka ba,
ban san ko zai kai inda aka aike shi ba.
Ko ɓera bai ɗanɗana ba tukuna.
Na faɗa ina kallon ƙasa,
kamar ni na ɓoye maganin.

Ya daɗe yana juya ƙoƙon.
Ya ce, fata ma in ka tsamo ta da gaggawa
waje ya yi kyau, ciki ya ruɓe.
Naku jiƙon kwana nawa ne?
Na ce shekaru.
Ya ce, to ba tawa fatar ba ce.
Ya tuntsurar da ruwan gindin dalbejiya,
ƙasa ta shanye ba ta tambayi cokali ba.

Motar Yamai tana tashi ƙarfe huɗu.
Can ne na'urar take, can ne allurar.
A tasha, tsakanin mai shayi da buhunan albasa,
ya laluba aljihu ya miƙo mini ƙulli.
Na ɗauka kuɗi ne.

Wadda kuke saye a kasuwa ta sha damina, ya ce,
ba ta da ƙarfi.
Wannan daga itacen bayan Tibiri take,
na kusa da tsohuwar rijiya.
Tun ina yaro bai taɓa ɓata mini fata ba.

Yau na daka ta, na tace, na zuba a kwalba.
Inda ake rubuta lamba
na rubuta Miko Majemi.
Yatsuna sun yi ja.
Na sa sabulu har sau uku.